Ƙuri'ar Saratu

Ranar da akwatin zaɓen Tungar Bako ya ɓata, mutane da yawa a Maje ba su karya kumallo ba. Mai gadin makarantar firamare ne ya dawo daga sallar asuba ya tarar an ɓalle tagar ofishin hedimasta, inda akwatin ya kwana kuwa wayam. Kafin rana ta ɗaga harabar makarantar ta cika maƙil, kowa na hararar na kusa da shi, har waɗanda suka fito daga gida ɗaya.

A shekarar, alif ɗari tara da saba'in da shida, soja suka ce a yi zaɓen kansiloli amma ban da jam'iyya. Mutanen garinmu, wanda a lokacin Abuja yake amsawa tun ba a ce masa Suleja ba, suka ce sun ji. Sai suka ajiye sunan jam'iyya suka riƙe jam'iyyar. Aka yi 'yan Rumfa, masu zama a rumfar Alhaji Tanimu ɗan kwangila, aka yi 'yan Mangwaro, malaman makaranta da manoma da 'yan tasha masu taruwa a gindin mangwaron bakin kasuwa. Kujeru goma sha uku ne a majalisa. Rumfa ta ci shida, Mangwaro ta ci shida, saura kujerar Maje. Wanda ya ɗauke ta shi ke da majalisa, shi ke da ciyaman, shi zai riƙa raba filaye, ga shi kuma kowa ya ji za a gina sabon babban birnin ƙasa a maƙwabta.

An ƙirga akwatuna huɗu na Maje tun jiya da yamma a cikin gari, ɗan Rumfa na gaba da ƙuri'a arba'in da ɗaya. Na biyar shi ne na Tungar Bako, ƙauyen Gwarawa manoman doya, waɗanda ko yaro ya san Mangwaro suke yi. Gadar itacen da ke kai wa ƙauyen ta karye, mota ba ta shiga. Don haka Malam Filibus, malamin makarantar da ya kula da zaɓe a can, ya ɗauki wata gwauruwa mai sayar da itace, Saratu, ta ɗauko masa akwatin a ƙafa. Sun iso Maje motar zaɓe ta riga ta tafi, sai aka kulle shi a ofis a kan da safe a zo a ɗauka.

Sajan Eugene, ɗan sandan da ke riƙe da Maje, bai tsaya ɓata lokaci ba ya aika a kira Baba Lado.

Lado ya haura sittin, dogo ne siriri, bin sawu kuwa gadonsa ne. In aka kore wa Bafillatani shanu, shi ake nema, ya bi su ta fadama da fako har ya tsaya a ƙofar gidan ɓarawo ya yi sallama. Gwani ne, ba a ja. Aibinsa guda, ya san shi gwani ne, kuma tun da yake ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Ya kewaya bayan tagar, inda gonar rogo ta fara, ya tsuguna. Jama'a suka yi masa rumfa, ana ture-ture. Ya auna sawun da tafin hannu, ya dubi nisan taku, sannan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ƙafa ƙarama ce, babu takalmi, kuma da kaya mai nauyi," in ji shi. "Mace ce."

Aka ɗauki salati. Wani ya nuna masakin ɗaukar kayan Saratu da ke jingine a barandar makaranta tun jiya. Nan take Salisu, wakilin 'yan Mangwaro, ya matso gaba yana ɗaga hannu. Matashi ne ɗan gayu, akawu a kantin wani Kwara ɗan Labanan, shekararsa biyu da zuwa garin daga can arewa, kullum cikin takalmi sau-ciki mai sheƙi. Duk Mangwaro babu mai ɗaga murya kamarsa.

"Sajan, rubuta," ya ce. "Wallahi da asuba na fito don in zo in duba akwatinmu, na hangi matar nan ta nufi rafi ɗauke da kaya a ka. Ban kawo komai a raina ba. Ashe an saye ta! An saye ta da turmin atamfa ta sayar da ƙauyenta!"

Sajan ya rubuta. Lado ya ji maganar, amma a lokacin mutane na ta cewa "Baba Lado sai kai", kunnensa yana can. Aka je aka kamo Saratu a gidan 'yarta inda ta kwana. Baturen zaɓe, wani ma'aikaci mai tabarau da aka turo daga Minna, ya ce in har gobe da azahar babu akwati, zai bayyana sakamako da huɗun da ke hannu.

Lado ya bi sawun ta cikin rogo da sauri-sauri, ya kai shi kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, ya ɓace. Bai damu ba. A ganinsa tunda ɓarauniya na hannu, bakinta zai ƙarasa aikin.

* * *

Da hantsi ya biya ofishin 'yan sanda. Saratu na zaune a ƙasa bayan kantar ofishin, ƙafafunta a miƙe. Ba kuka take yi ba, da ma kukan take da ya fi masa sauƙi. Shekara ashirin ke nan tana kai wa gidansa itace.

"Baba Lado, an ce kai ka ce mace ce."

"Sawun ne ya ce, Saratu."

"Sawu yana da baki?"

Ta gyara ɗaurin zanenta.

"Tun da aka haife ni maza ke zaɓe, mu muna kallo daga bakin gona. Bana aka ce mata ma su zo. Na yi wanka, na ɗauko zanen da nake zuwa coci da shi, na bi layi tun safe. Malam ya ba ni takarda, na jefa da hannuna. Ƙuri'ata tana cikin akwatin nan, Baba Lado, ta fari a rayuwata. Na ɗauko ta tafiyar awa biyu, ko ruwa ban tsaya sha ba. In sace ta in kai ta ina?"

"In kin faɗi inda yake, zan roƙi Sajan."

Ta dube shi sau ɗaya ta kau da kai. "'Yata ta zo. Ta ce mutanen Tunga sun ce kada in sake taka musu ƙasa. Can aka binne mijina, can doyata take. Ka tafi, ka gama naka."

Da zai fita ya yi kiciɓis da Salisu yana shigowa, yana takawa a hankali kamar wanda takalmi ya matse, yana tambaya ko ta faɗa. Lado ya wuce abinsa. Magana zarar bunu ce, shi ya zaro ta a gaban jama'a, ga shi ta kama rufin wata.

* * *

Ya fara da Malam Filibus, domin tun safe ake raɗe-raɗin an gan shi yana fitowa daga gidan Alhaji Tanimu a makon jiya. Ya same shi a aji shi kaɗai, ya haɗa kai da gwiwa.

"Malam, me ya kai ka gidan Alhaji?"

Filibus ya ɗago, idonsa ja. "Rediyo na mayar masa. Sabuwa fil a kwalinta ya aiko mini, wai don in riƙa jin labarai. Na ce ina jin na maƙwabta."

"Makulli fa?"

Ya zaro shi daga wuyansa, ɗaure da igiya. "Da shi na kwana. Baba, in ni ne, me zai sa in fasa taga ina da wannan?"

"Don a ce ba kai ba ne."

Malamin ya yi wata dariya marar daɗi, ya cire takalminsa ya miƙo ƙafa. Ƙatuwa ce, ta kusa biyun wadda ke bayan taga. Lado ya ɗan ji kunya, amma bai nuna ba.

"Su wa suka san a nan akwatin zai kwana?"

"Ni, da mai gadi, da Saratu, da wakilai biyu da suka zo bayan mun iso, na Rumfa da na Mangwaro. A gabansu na kulle. Na Rumfa kuwa ka san shi, Dauda, wanda ko takalmin kasuwa ba ya shigarsa."

"In Alhaji ya aiko maka da rediyo, wa kuma ya aika wa?"

"Wannan sai Allah," in ji Filibus. "Amma Alhaji ba ya shuka a rami ɗaya."

* * *

A bakin makarantar akwai sawun tayar mota Fijo, kuma Fijo ɗaya ce ke shigowa Maje. Lado ya bi ta har rumfar Alhaji Tanimu a cikin gari. Ya tarar da shi kishingiɗe a kan darduma, ana fasa goro, mutanensa na ta lissafin wa zai zama ciyaman kamar an riga an gama.

"Ranka ya daɗe, motarka ta je makarantar Maje."

"Ta je," in ji Alhaji, ko gezau. "Da magariba na tura direba ya gano mini ko akwatin ya iso. Ya gani ya dawo. Laifi ne mutum ya duba gonarsa? Tambayi mai gadi, a gabansa motar ta juya."

"Amma ɓatansa ya yi maka rana."

"Ruwan sama ma yana yi mini rana, Lado, ba ni nake saukar da shi ba." Mutanensa suka bushe da dariya. Ya ɗaga ƙafarsa mai kauri ya nuna masa. "Ko za ka auna? Kai ka ce mace ce, gari duk ya ji. Ni kuwa in zan yi abu ba da ƙafata nake yi ba."

Lado ya fito ransa a ɓace. Biri ya yi kama da mutum, amma kama ba shaida ba ce. Abin da ya fi ci masa rai, kowa da maganarsa yake kare kansa: kai ka ce mace ce.

* * *

Bayan la'asar ya koma gonar rogo shi kaɗai. Mai bin sawu ya fi son rana in ta karkata, domin a lokacin kowane ɗan rami yana samun inuwarsa. Wannan karon babu mai yi masa kirari, sai ya bi a hankali, taku bayan taku, yadda ubansa ya koya masa.

Bai yi nisa ba ya ga abin da ya tsallake da safe. Inda ƙasa ke da laushi sawun yana tafiya daidai. Da ya zo kan tsakuwa sai ya koma bisa yatsu, yana karkacewa yana neman ciyawa. Akwai inda mai shi ya taka ƙaya ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, har da ɗigon jini a kan ganye. Saratu kuwa tafin ƙafarta ya fi takalmin taya ƙarfi, a kan ƙaya take saran itace tana waƙa. Yatsun sawun kuma a matse suke wuri ɗaya, ba a baje ba kamar na mutumin da ya girma ba takalmi.

Ya ci gaba har gindin wata yazawa da reshenta ya gitta hanya. A nan sawun ya rikice, dugadugai biyu suka nutse baya, kamar an hankaɗa mai shi daga sama. Lado ya daɗe yana kallon ƙasa bai gane ba. Can ya yi abin da mai bin sawu bai saba yi ba, ya ɗaga kai.

Reshen ya ɗara tsayinsa da taƙi guda. A jikinsa ɓawo ya salube, kuma a kan ciwon akwai baƙin fenti, irin na akwatin zaɓe.

Lado ya zauna daɓas a ƙasa. A ka aka ɗauki akwatin. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san Bagwariya ba ta ɗora kaya a ka. A kafaɗa take ɗauka, ta ɗan sunkuya, ko itace ne ko doya ko tulu. Sun ce kai shi ke ɗauke da tunanin jiki duka, ba a ƙara masa wani nauyi. Da Saratu ce ta bi nan, da akwatin ya wuce ƙarƙashin reshen ko ganye bai taɓa ba. Ya san wannan tun yana yaro. Kunya ta rufe shi, ya ce "Kaico, Lado" a fili, ba kowa a wurin.

Sai kuma wata magana ta dawo masa, wadda ya ji da safe kunnensa na can wajen kirari. Ya maimaita ta a ransa sau biyu, ya miƙe.

A kan dutsen da sawu ya ɓace bai nemi sawu ba, sai ya tambayi kansa ina mai tausasan ƙafa ɗauke da kaya zai bi. Hagu sarƙaƙiya ce, dama gangare mai santsi. Ya bi gangaren, ya kai shi ramin yumɓu inda matan Tunga ke haƙa don ginin tukwane. Wanda ya zaɓi wurin ya yi wayo, in an gano akwatin a nan, kan matan Tunga zai koma. Amma yumɓu ba ya mantuwa. A bakin ramin ga sawun ƙafar hagu raɗau, har da huda a dunduniya inda ƙaya ta shiga. Akwatin na ciki an lulluɓe shi da ciyawa, hatiminsa bai taɓu ba.

Lado ya zaro wuƙa ya yanko sawun da ƙasarsa, ya ɗora a kan wani fasasshen kasko. Ya tafi ya kira Sajan Eugene su biyu kaɗai, suka sa akwatin a buhu. A hanyarsu ta dawowa, rana na shirin faɗuwa, suka hangi hayaƙi yana tashi ta wajen Tungar Bako. Wani mai keke ya gaya musu samarin ƙauyen ne suka cinna wa rumbun doyar Saratu wuta.

* * *

Washegari da hantsi Sajan ya tara su a ajin 'yan shida. Baturen zaɓe na kan kujerar malami yana duba agogo. Alhaji Tanimu ya zauna a benci yana jan carbi, ga Malam Filibus, ga Salisu da hankici a hannu, ga mai unguwar Tunga da dattawansa uku sun haɗe rai. Saratu na tsaye kusa da allo. Jama'a sun cika tagogi har sun tare haske.

Lado ya shigo da buhu ya dire a tsakiyar aji, kaskon kuma ya ajiye a kan tebur rufe da ganye.

"Jiya na yi magana a gaban jama'a," ya ce, "yau ma a gaban jama'a zan yi. Saratu, don Allah ɗauki buhun nan ki kai bakin ƙofa."

Ta dube shi kamar ba za ta yi ba. Can ta sunkuya, ta ciccibi buhun, ta juya shi sau ɗaya ya hau kafaɗarta, ta kai ƙofa ta dawo.

"Yanzu ɗora shi a ka."

Dattawan Tunga suka yi gunaguni. Mai unguwa ya miƙe.

"Lado, kamun da aka yi mata bai isa ba sai an yi mana wasa? Yaushe ka ga 'yarmu da kaya a ka? Ko gawa aka ce ta ɗauka a kafaɗa za ta ɗauka!"

"Na gode, mai unguwa. Sajan, karanta mana abin da wakilin Mangwaro ya faɗa jiya."

Sajan Eugene ya buɗe littafinsa, ya bi layi da yatsa, ya karanta da Hausarsa mai nauyi. "Na hangi matar nan ta nufi rafi ɗauke da kaya a ka."

Daga taga wata mata ta ce "Af!" Mai unguwa ya koma ya zauna a hankali, bai ƙara ɗaga ido ba.

Salisu ya yi murmushin yaƙe yana goge wuya. "Haba Baba, suɓutar baki ce. Da sauran duhu, ka ko kafaɗa, duk ɗaya ne. Ni da aka sace wa akwati kuma ni za a juyo wa?"

"Da suɓutar baki ce da na ƙyale ka, ɗana. Ba ita ba ce. A ka aka ɗauki akwatin nan, fentinsa na can jikin reshen yazawa sama da tsayina, duk mai so ya je ya gani. Gaskiya ka faɗa, suna kawai ka sauya. Da ɗan garin nan ne zai yi wa Bagwariya ƙarya, da kafaɗa zai ce. Kai shekara biyu kana wuce su a hanya ba ka taɓa kallonsu ba, sai ka faɗi yadda abin ya faru. Wanda ya san a ka aka ɗauka kuwa, ko ya gani ne, ko shi ya ɗauka."

"To na gani ne! Wata ce daban!"

"Haka ni ma na ce jiya, mace ce." Lado ya yaye ganyen da ke kan kaskon. "Na yi kuskure. Ƙaramar ƙafa na gani na yanke hukunci. Wannan ƙafa ce da ta girma cikin takalmi, ta cire shi don a ce ta mace ce, ƙaya kuma ta yi mata maraba a dunduniyar hagu. Malam Filibus ya cire nasa jiya ban roƙe shi ba. Alhaji ma ya ɗaga mini tasa. Saura kai."

Salisu ya dubi ƙofa, Sajan na tsaye a wurin. Ya dubi Alhaji Tanimu, Alhaji na kallon carbinsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sajan ya matso ya tsuguna, ya kwance masa igiyar takalmin hagu da kansa, ya zare safa. Ga ƙafa 'yar firit, ga tsumma ɗaure a dunduniya da jini ya ɓata.

"Alhaji!" Salisu ya kurma ihu. "Alhaji, ka yi magana mana! Kai ka ce in majalisa ta zama taka ni ne akawun filaye!"

Alhaji Tanimu ya miƙe ya gyara babbar rigarsa. "Wane ne wannan yaron?" ya ce wa baturen zaɓe. "Ba wakilin Mangwaro ba ne? Su ji da kayansu." Ya fice abinsa, aka dare masa hanya. Lado ya bi shi da kallo. Manya ba sa barin sawu, na ƙasa da su ke barin musu.

Aka kwance buhu, akwatin ya bayyana da hatiminsa, tagogi suka kaure da sowa. Wani ɗan sanda ya sunkuya zai ɗauka, Saratu ta dafe shi da hannu ɗaya.

"Ni na ɗauko shi daga Tunga," ta ce. "Ni zan ƙarasa da shi."

Ta saɓa shi a kafaɗa ta ratsa jama'a har bakin motar zaɓe, babu wanda ya iya haɗa ido da ita.

* * *

Kafin azahar aka ƙirga. Ɗan Mangwaro ya wuce da tamanin da wani abu, majalisa ta zama bakwai da shida, aka kwana biyu ana kiɗa a gindin mangwaro. An yi wa Lado kirari har da na hauka, amma bai tsaya ji ba. Ya tsallaka karyayyar gada ya nufi Tunga.

Ya sami Saratu tsugune a inda rumbun yake, tana tona toka da sanda ko za ta sami doyar da ta tsira. Noman shekara guda ne, da irin baɗi. Maƙwabta sun ajiye 'yan doyoyi a bakin dangarta sun sulale, ba wanda ya yi sallama.

"Saratu, na zo neman gafara."

Ba ta juyo ba. Ta ciro wata doya ta matsa ta, ta fashe ta zama gawayi, ta yar.

"Shi yaron baƙo ne," ta ce. "Kai fa, Baba Lado? Shekara ashirin ina shiga gidanka da itace. Sai da reshen yazawa ya gaya maka yadda nake ɗaukar kaya?"

Mutumin da ke gane saniya da kofatonta a cikin garke guda ya tsaya yana murza hula a hannu.

"Ban sani ba," ya ce. "Ban san abin da zan ce miki ba."

Ta ɗago ta dube shi tukun, ta daɗe. Sannan ta nuna masa guma-guman da suka ƙone da tsinin sandarta.

"Rumbu ba ya gina kansa."

Washegari da sassafe mutanen Maje suka ga Baba Lado ya nufi karyayyar gada da damin gora a kafaɗa, yana tafe yana kallon fuskar duk wanda ya gamu da shi.